Babban Banki: Mai Tsaron Darajar Kuɗi ko Mai Raya Ƙasa?

Kafin a kafa Babban Bankin Nijeriya, Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, ita ke fid da kuɗin da ake ciniki da su. Aikinta bai wuce musayar kuɗin ƙasa da fam na Ingila ba. Saboda haka da Babban Banki ya fara aiki ran 1 ga Yuli, 1959, sai aka ɗora masa buri mai yawa, watau ya tsare darajar kuɗi, ya zama ma'ajin gwamnati, ya kuma taimaka wajen raya ƙasa. Tambayar da har yanzu masana ke jayayya a kanta ita ce, ko hukuma guda za ta iya ɗaukar waɗannan kaya duka.

Tsadar kayayyaki ta shekarun 1970 ita ta sa ƙasashen Yamma suka taƙaita aikin manyan bankunansu. A Amurka, Paul Volcker, wanda ya kama shugabancin bankin a 1979, ya bar kuɗin ruwa ya hau har wajen kashi 20 cikin ɗari. Hauhawar farashi ta sauko, amma marasa aiki sun zarce kashi 10 cikin ɗari a 1982. Daga baya ƙasar New Zealand, bisa dokarta ta 1989, ta fara ƙayyade wa bankinta iyakar hauhawar farashi a rubuce, ƙasashe da dama kuwa suka bi sawu. Sai dai rikicin kuɗi na 2008 ya nuna gibin wannan ra'ayi, domin bankuna sun durƙushe alhali kuwa an ɗauka an shawo kan farashi. Nijeriya ma ta ɗanɗana, gama a 2009 sai da Babban Banki, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya zuba naira biliyan 620 don ceto waɗansu bankuna.

Inda Nijeriya ta bambanta shi ne wajen ba da rance kai tsaye. A watan Nuwamba na 1915 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma shekara ɗari bayan nan, a Nuwamban 2015, aka ƙaddamar da shirin rance ga manoman shinkafa a Jihar Kebbi da kuɗin Babban Banki. Hujjar masu goyon baya tana da ƙarfi: in tsada ta samo asali daga ƙarancin abinci, ƙara kuɗin ruwa ba zai tsirar da ko zangarniya ɗaya ba. Amma bankin da ya zama mai ba da rance ya shiga aikin da ba shi da ma'aikatansa, wato tantance manomi da bin bashi ƙauye ƙauye, kuma kuɗin da ya fitar sababbi ne, ba haraji aka tara ba.

Bashin gwamnati ya fi wannan nauyi. Dokar 2007 ta ce abin da bankin zai ranta wa Gwamnatin Tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, a kuma biya kafin shekara ta ƙare. Duk da haka bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, wanda a 2023 Majalisar Tarayya ta amince a mai da shi bashi mai dogon wa'adi. Doka tana nan a rubuce, masu riƙe da ita ne suka kau da kai.

Olayemi Cardoso, da ya karɓi bankin a Satumban 2023, ya bayyana cewa za a janye daga ba da rance kai tsaye. A cikin 2024 aka ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba. Dalilan sun haɗa da cire tallafin mai da faɗuwar naira da rashin tsaro a gonaki, na farko da na ƙarshe kuwa ba a hannun bankin suke ba. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, da ɗan kasuwar da rance ya fi ƙarfinsa, su suka ɗauki nauyin gyaran.