Wa Ke Bin Diddigin Masu Jinyar Zuciya A Njamena?

Ranar 11 ga Yulin 2015 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar Njamena, mutane aƙalla 15 suka rasu. Waɗanda suka jikkata an ɗinke su a asibiti. Amma akwai raunin da allura ba ta kai masa, wato rashin barci, da firgita ko ƙofar shago aka buga da ƙarfi. Da yawa daga cikinmu masu tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusseri mun san wani da har yau yake haka.

Irin wannan ciwo da zama da sauraro ake jinyarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Chadi 'yan ƙalilan ne, don haka aikin yakan faɗa hannun ma'aikatan jinya da na ƙungiyoyin agaji, wasunsu da gajeren horo. To, wa ke duba aikinsu?

Tambayar tsohuwa ce. A 1920 almajiran Sigmund Freud suka buɗe cibiyar horo a birnin Balin na Jamus, inda ɗalibi kan kai wa babban malami labarin zamansa da majinyaci, a gyara masa. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 shi ma ya tanadi sa ido bayan horo.

Mun saba da wannan a kasuwa, domin babu maigidan da zai sakar wa yaro shago ba ya zuwa lissafi. Sai dai a nan babu buhun ƙirgawa. Galibi ɗalibin ake tambaya ko ya gamsu da mai duba shi, alhali shi ne zai sa hannu a takardarsa. Yaushe yaro zai kushe maigida a gabansa? A ganinmu majinyacin ya kamata a auna: ya fara barci? Ya koma rumfarsa?

Njamena kuma tana da tata matsalar. Majinyaci yakan faɗi damuwarsa da Larabcin Chadi, ko Ngambai, ko Barbarci, ko Hausa, sannan a rubuta rahoto da Faransanci. Wanda ya ce "zuciyata ta tsinke" ba ciwon ƙirji yake nufi ba, kuma mai dubawar da bai jin harshen takarda kawai zai gani.