Injin Aikin Katako: Yadda Za Ka Zaɓa, Yadda Za Ka Riƙe



In an gama girbi an sa hatsi rumbu, da yawa cikinmu sukan koma ga sana'ar hannu. Wani ya ɗauki gizago ya sassaƙa ƙotar hauya ko turmi. Wani ya shiga rumfar kafinta yana buga ƙyaure, benci, gado, allon makaranta ko dandamalin amalanke. A yau injunan aikin katako masu aiki da lantarki sun yawaita a kasuwar Maraɗi, har samarin Tibiri da na Jiratawa suna tambayar kuɗinsu. Inji yana rage wahala, yana kawo sauri. Amma wanda ya saya bai sani ba yana iya asarar kuɗin gyaɗarsa ta shekara, wanda kuma ya riƙe shi da ganganci yana iya asarar yatsa. Manomin da ba shi da babban yatsa, yaya za ya riƙe hauya da damana? Don haka ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Tambaya ta farko: ina wutarka?

Kafin ka tambayi kuɗin inji, ka tambayi kanka inda za ka samu wuta. Hanyoyi uku ne.

Ta ɗaya, wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa da aka kafa a 1968. Wutar gidajenmu ƙarfinta bolti 220 ne. A jikin kowane inji akwai ɗan allo da aka rubuta ƙarfin wutar da yake so. Ka duba. In ka ga 220, 230 ko 240, ya yi daidai. In ka ga 110 ko 120, wannan na ƙasar Amurka ne, yana zuwa cikin kayan gwanjo. Kana sa shi a wutarmu za ya ƙone nan take. Injin da aka sayo Katsina, Jibiya ko Kano wutarsa ɗaya da tamu, sai dai kan wayarsa yana da ƙafa uku masu faɗi, namu kuwa ƙafafunsa zagayayyu ne. Ka kai wa mai aikin lantarki ya sake maka kan. Kada ka yanke shi ka cusa tsirarar waya cikin ramin wuta.

Ka tuna kuma, wuta mai yawa da ke zuwa Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take fitowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo Gazawa. A watan Agusta na 2023 an yanke ta, ba a maido ba sai watan Maris na 2024. Kafintocin da suka ajiye zarton hannu sun ji jiki a lokacin. Saboda haka ko ka sayi inji, kada ka sayar da kayan hannunka.

Ta biyu, janareta. A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ƙarfin inji da wat ake auna shi, alamarsa harafin W. Injin zarto mai wat 1200, lokacin da yake tashi yana jan wuta ninki biyu ko uku na wannan. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da talabijin, mai wat 650 zuwa 950, ba ya iya ɗaukarsa. Sai mai wat 2500 zuwa 3000 ko fiye. A ajiye janareta waje, inda iska ke kaɗawa. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin rufaffen ɗaki ba tare da ya farga ba.

Ta uku, batir. Tun 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da injin huda marar waya. Yanzu akwai masu batir na bolti 18, ana iya cika su da faifan hasken rana in an haɗa da na'urar da ta dace. Sun dace da ƙauyen da wuta ba ta kai ba, musamman wajen huda da ɗaure sukuru. Amma batir tsada gare shi, kuma zafi maƙiyinsa ne. Kada a bar shi cikin rana, balle a watannin bazara da zafi ke wuce digiri 40.

Wane inji za ka fara saye?

Ba wanda ya fi kyan gani ba, wanda ya dace da aikin da ka fi samu.

1. Injin huda. Shi ya kamata a fara da shi. Mai wat 500 zuwa 750 ya isa. Yana huda katako da ƙarfe, ga shi da sauƙin haɗari in an gwada da sauran. Mai gyaran amalanke da mai buga ƙyaure kullum suna bukatarsa. Ka zaɓi wanda ke juyawa gaba da baya, wanda kuma ake iya rage gudunsa.

2. Injin zarto mai faifai. Shi ke tsaga katako a miƙe. Mai faifan milimita 185 da wat 1200 zuwa 1400 yana yanka kaurin da ya kai kusan santimita 6. Shi ya fi rage wahala, shi ne kuma ya fi yanke yatsu. Faifai mai haƙora 24 na tsaga katako ne ta tsawonsa. Mai haƙora 40 zuwa 60 na datsewa ne a gicciye, yankansa ya fi santsi.

3. Injin fere fuskar katako. Faɗin bakinsa yawanci milimita 82 ne. Yana daidaita katako ya yi sumul. Kada ka ci da yawa lokaci ɗaya. Milimita ɗaya ko biyu, ka sake bi.

4. Ƙaramin zarto mai hawa da sauka. Shi ke yanka lanƙwasa da zane, irin na kan gado ko bayan kujera. In ba ka samun irin wannan aiki, bar shi tukuna.

5. Injin goge katako da takarda mai ƙaiƙayi. Shi ne na ƙarshe. Hannu yana iya wannan aiki, sai dai a hankali.

Masassaƙin turmi, akushi da taɓarya kuwa, gizagonsa da gatarinsa sun fi masa waɗannan duka. Ba kowace sana'a ke son inji ba.

In ka je saye

Araha ba ta ado. Sunayen da aka sani kamar Bosch na Jamus da Makita na Japan suna da ƙarko, amma don haka ne ma ake yawan yin jabunsu. In ka ga sabon inji mai babban suna da kuɗi kaɗan, ka yi shakka. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ka tafi da tsohon kafinta.

Ka sa a kunna maka shi a gabanka. Ka saurari kukansa. In yana kakari, ko yana warin ƙuna, ko tartsatsi mai yawa na fita ta ramukan iska, bar shi. Ka cire shi daga wuta ka girgiza faifan ko bakin hudar. In yana lilo, ƙarfen cikinsa ya ci. Ka bi wayar da hannu daga farko har ƙarshe. Ka nemi alamar murabba'i cikin murabba'i a jikin allon, ita ke nuna an rufe wutar injin rufi biyu.

Sannan ka tambayi mai kanti: akwai faifansa a Maraɗi? Akwai gawayinsa? Gawayin inji wasu ƴan baƙaƙen abubuwa ne guda biyu da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki. Suna cinyewa, dole a riƙa sake su. Injin da babu kayan gyaransa a kusa, ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen banza. Ka karɓi takardar shaidar saye, an rubuta kwanan wata da lambar inji. Ga amfanin karatun da ka yi.

Mu yi lissafi

Wannan misali ne kawai, kowa ya sa kuɗin da ya tarar a kasuwa. A ce inji jika 60 ne. A ce duk ranar da ka yi aiki da shi yana ƙara maka ribar jika ɗaya, watau dala 200. Cire dala 60 na wuta da gyara. Saura dala 140. Jika 60 dala 12,000 ke nan. Raba 12,000 da 140, za ka samu kwana 86 na aiki. In kwana uku kake aiki a mako, sai ka yi mako 29, kusan wata bakwai, kafin kuɗinka su dawo. Rani ɗaya ba ya isa ke nan. Amma in ku shida ne, kowa ya kawo jika 10, inji yana aiki kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ku ɗauki mutum ɗaya mai riƙon inji, da littafi da za a rubuta wanda ya ɗauka, da ranar da ya maido, da abin da ya zuba cikin asusun gyara. Manoman fadamar noman rani ta Jiratawa sun saba da irin wannan tsari wajen ruwa da taki.

Dokokin tsare jiki

Rigakafi ya fi magani. Ku rubuta waɗannan ku manna a rumfa.

1. Kafin ka sake faifai ko bakin huda, cire waya daga wuta. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. In an ɗauke wuta kana cikin aiki, kashe inji nan da nan, don kada ya tashi da kansa in ta dawo.

2. Tuɓe babbar riga da rawani, naɗe hannun taguwa, cire zobe. Abin da ke juyawa yana kama tufa ya jawo hannu.

3. Sa tabarau na aiki, ka sa takalmi. Ka rufe hanci da baki da takunkumi. Ƙurar katako tana kawo tari da asma, kuma tun 1995 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji a cikin hanci. Ka toshe kunne, domin ƙarar zarto tana rage ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

4. Kada ka ɗaure ko ka cire murfin da ke rufe faifan zarto.

5. Kada ka riƙe katako da hannu ko bisa gwiwa kana yanka. Ɗaure shi ga benci, ka riƙe inji da hannu biyu.

6. Daidaita zurfin faifai ya wuce kaurin katako da tsawon haƙori ɗaya kawai.

7. Ka kiyayi harbin zarto. In katako ya matse faifai, inji yakan yi tsalle ya komo baya kan mai shi. Abin da ke kawo wannan shi ne yanka katako tsakanin matokarai biyu, sai tsakiya ta lotsa ta cije faifan. Ka tokare katako yadda guntun da ka yanke za ya faɗi da kansa. Ka tsaya gefe, kada ka tsaya bayan layin yanka.

8. Kada ka ɗaura faifan zarto ga injin yanka ƙarfe na masu walda. Wannan inji yana juyawa kusan sau 11,000 cikin minti ɗaya, ninki biyu na injin zarto, kuma ba a yi shi don katako ba. Wannan dabara ta raunata mutane da yawa a ƙasashe da yawa.

9. Duba tsohon katako ka cire ƙusoshi. Ɗanyen icce kuma a bar shi ya bushe cikin inuwa.

10. Kada ka yi aiki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa. In za ka ƙara tsawon waya, nemi mai kauri, ka warware ta duka. Siririyar waya tana zafi, tana kuma raunana inji.

11. Yara su tsaya nesa. Almajirin sana'a ya fara ƙwarewa da zarton hannu kafin a ba shi inji, kuma maigida yana tsaye.

In tsautsayi ya faɗa

In wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Yanke wutar, ko ka ture shi da busasshen icce. In an yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Kada a zuba ƙasa, toka ko man inji. In yatsa ya fita, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi babban asibitin Maraɗi ba tare da jinkiri ba. A tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Kula da inji

Ƙurar hunturu da garin katako suna toshe ramukan iska, inji ya yi zafi ya ƙone. Kowace yamma ka share su da ɗan buroshi. In inji ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi, bar shi ya huta. Kada ka danna shi da ƙarfi, bari haƙora su yi aikinsu. Dakusasshen faifai ya fi mai kaifi haɗari, yana ƙona katako, yana cin wuta. Kada ka ɗauki inji ta wayarsa. Ajiye shi cikin akwati, nesa da laima da ɓera.

Maganar icce

Yawancin katakon da ake sayarwa Maraɗi, fari da ja, daga ƙasashen kudu masu kurmi yake zuwa. Itatuwanmu na nan kaɗan ne. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, suna barin tohon gawo, kalgo da sabara su girma cikin gona, har duniya ta zo tana koyo wurinmu. Kada saurin inji ya rushe wannan aiki. Dokar gandun daji ta ranar 8 ga watan Yuni 2004 ta tsare itatuwa. Kafin ka sare gawo, giginya, ƙirya ko maɗaci, ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka ji abin da doka ta ce. Mai son katako na kansa ya dasa bedi da turare a gefen gona.

Jama'a, ku tattauna wannan magana a zaurenku na karatu. Ku yi lissafin da kuɗin kasuwarku, ku ga ko inji za ya biya ku, ko kuwa gara ku haɗa kai. Wanda ke da tambaya ya rubuto wasiƙa da hannunsa, za mu amsa ta cikin shirin manoma.

Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mana hannuwanmu, ya kai mu damana lafiya.