Lalacewar ji ta dalilin harbin bindiga

Lalacewar ji ta dalilin harbin bindiga nau'i ne na kurumta da ƙarar harbi ke jawowa a cikin kunne. A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, samari kan haɗu da wannan ƙara a farautar rani bayan an kawar da amfanin gona, da kuma harbin nishaɗi a bukukuwan Sallah da naɗin sarauta. Bindigar da aka fi riƙewa ita ce ta maƙera, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Ƙarfin ƙarar

Ana auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60, harbin bindiga kuwa yakan kai 140 zuwa 170. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar farat ɗaya ta wuce desibel 140 ga manya, 120 ga yara. Ke nan harbi guda ma yana iya yin ɓarna, ko da albarushi ne zalla babu harsashi. Yaran da ke bin maharba a baya suna cikin haɗarin, duk da ba su taɓa kunamar bindiga ba.

Yadda ɓarnar ke faruwa

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙwayoyin gashi kimanin 16,000. Su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Alamar farko ita ce shuwa ko toshewar kunne bayan harbi. Takan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake raina ta.

Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, musamman wajen hatz 4,000. A nan baƙaƙe irin su s da sh da ts suke, alhali wasula da karin sauti suna ƙasa. Sai mutum ya ji murya sarai amma ya kasa bambance "sara" da "shara", balle a kasuwa ko aji mai hayaniya. Sau da yawa akan ɗauka rashin kula ne. Ga mai harbi da dama, kunnen hagu ya fi lalacewa, domin shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai da kafaɗa sun kāre shi.

Kariya da gwaji

Abin toshe kunne na soso, idan an cusa shi daidai, yana rage desibel 15 zuwa 30. An fi so a haɗa shi da marufin kunne. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tsinana abin kirki. Nisantar da 'yan kallo daga mai harbi yana rage ƙarar ƙwarai. Ana gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.