Shirinmu na yau: Haɗa keken tsere da kayan gwanjo



Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa cikin gari ya zama abin lissafi. Keke mafita ce. Sabon keken tsere akwai tsada, amma kana iya haɗa naka da kayan gwanjo, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai fa da ƙa'ida.

Fara da firam, wato ƙarfen jikin keken. Ya yi daidai da tsawonka. In ka ga tsagewa a wajen walda, bar shi ko da kyauta ne.

Na biyu, kayan su dace da juna. Tayar keken tsere mai lamba 700C ba ta hawa rim mai inci 26. Sarƙar giya 8 ta fi ta giya 11 kauri, ko da duk Shimano ne. Ka gauraya su, giya ta riƙa tsalle.

Na uku, birki kafin fenti. Wallahi tirelolin titin Zariya ba ruwansu da kwalliyar kekenka.

Kafin ka biya, je da mai gyaran keke ya duba maka. Araha ba ta ado.

Sai shiri na gaba, in sha Allahu.