Ko Kun Sani? Duwatsun Manganis na Ƙasan Teku

A ƙasan Tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai baƙaƙen duwatsu masu kama da dankalin turawa zube a zurfin da ya haura mita 4,000. Jirgin binciken Ingila, Challenger, ya tsamo irinsu a 1873.

Kusan kashi 30 cikin ɗari na busasshen dutsen manganis ne. Nikel da jan ƙarfe kowanne ya ɗan haura kashi 1, kobalt kuwa bai kai rabin kashi ba. Wahalar samun waɗannan ƙarafa tana wajen narkarwa, domin ƙarafan sun cuɗe ta yadda niƙa da tankaɗe ba sa raba su. Idan da wuta za a raba su, dole a busar da dutsen tukuna, don kusan sulusin nauyinsa ruwa ne, sannan a zuba shi ɗungurungum cikin tanderu tare da kwal. Nikel, jan ƙarfe da kobalt sai su narke su kwanta ƙasa, manganis ya tsaya sama cikin kashin maƙera.

Baƙin ƙarfen da ke cikin dutsen kuwa bin ukun nan yake ya surka su, raba shi kuma sai da ƙarin wuta da kuɗi. Duwatsun wannan yankin kusan kashi 6 kacal suke ɗauke da shi.