Yadda Ake Ɗaure Katako a Kan Mota

Kowa ya taɓa shiga Kano ta wajen Fagge ya ga manyan motoci ɗauke da katako. Waɗansu daga Kudu suka fito, za su sauke. Waɗansu kuwa sun yi lodi ne a kasuwar 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo, sun nufi ƙauyukanmu, inda ake jiran katakon don rufin ɗaki, ko masallaci, ko makaranta.

Kakanninmu da azarar giginya suke rufi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi suka yawaita, aka kafa musu Sabon Gari kusa da Fagge wajen 1913. Sannu a hankali rufin kwano ya yaɗu, shi kuwa kwano ba ya zama sai da katako. Yawancin katakon nan daga kurmin Kudu yake zuwa, wajen Benin da Sapele da Ondo. Da can jirgi ke kawo shi. Yanzu aikin ya koma kan mota.

Motar da muke nufi ita ce mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ba ta da bango a gefe. Tana da daɗin lodi, amma ba abin da ke tare kayanta sai ɗauri.

Sau da yawa mukan ji yaron mota yana cewa, "Ai nauyinsa ya isa ya riƙe shi." Wannan kuskure ne, ya kuwa ci rayuka. Ku gwada da kanku. Ku ɗora littattafai uku bisa faifai, ku ɗauka, ku yi sauri, sa'an nan ku tsaya cak. Faifai ya tsaya, amma littattafai sun wuce gaba. Haka katako yake yi in direba ya taka birki da ƙarfi. Mene ne a gabansa kuwa? Kan mota, inda direba ke zaune.

Bari mu yi ɗan lissafi. Katakon da ake kira tu-bai-fo, watau inci 2 da inci 4, mai tsawon ƙafa 12, in busasshen iroko ne ya kai kilo 12. In obece ne, wanda ba shi da nauyi sosai, kamar kilo 7. To, iroko guda 100 kilo nawa ke nan? Kilo 1,200, ya ɗara tan ɗaya. Ɗanye ya fi haka. A ƙasashen Turai ƙa'idarsu ita ce, ɗauri ya iya tare kashi 8 cikin 10 na nauyin kaya in sun turo gaba, da rabin nauyin in sun karkata gefe. Ashe tsohuwar igiyar guga ba za ta yi ba.

Ga yadda ake yi. Da fari a share bayan mota, kada a bar yashi ko baƙin mai. A gicciya guntayen katako masu kauri a ƙasa, su zama matashi. Sa'an nan a jera dogaye masu nauyi a ƙasa, gajeru da marasa nauyi a bisa. A matsa su gaba har su jingina da ƙarfen da ke bayan kan mota, domin katakon da bai sami filin zamewa ba ba ya samun ƙarfin bugu. A raba nauyi daidai dama da hagu. Kada a yi tsiri da kaya: mota mai dogon lodi ita ke faɗuwa a kwana.

Ɗauri kuwa da sarƙa ake yi, ko da bel ɗin nan mai abin ɗaurewa. Kowane tari ya sami aƙalla biyu, dogo kuwa uku ko fiye. In tarin ya yi tsawo, a ɗaure rabin ƙasa tukuna, a ƙara jeri, a sāke ɗaurewa. Dalili, katakon tsakiya shi ke sulluɓewa, kamar yadda kara ɗaya ke zarewa daga dami in ɗaurin ya yi sako-sako. A maƙala ƙugiya a jikin ƙarfen mota mai ƙwari. Bel ɗin da ya soma tsagewa a yar da shi, kada a ƙulla. In katako ya zarce bayan mota, a ɗaura masa jan ƙyalle don na baya su gani. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, sukan tsai da motar da ta yi lodi fiye da kima.

Saura abu ɗaya, shi aka fi mantawa. Ɗaurin da ya yi tam a kasuwa ba ya zama tam. Da mota ta hau gargada, katako ya girgiza ya zauna, sai bel ya saki. Ɗanyen katakon Kudu kuma yana tsukewa in ya sha iskar hunturu. Don haka a Amurka doka ta ce direba ya tsaya ya duba kayansa kafin ya cika kilomita 80, kamar rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ke nan. Mu da hanyar ƙauyenmu ba kwalta, a ganinmu gara a tsaya tun kafin nan, a ƙara tsayawa duk inda aka sauka daga kwalta. In kai ne mai kaya, ka gaya wa direba da ladabi, "Maigida, don Allah a duba ɗaurin nan." Kuɗinka ne a kai.

Kada kowa ya hau bisa katako don ya huta da kuɗin mota, ko da tafiyar gajera ce.

In an iso gida, a tsai da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba. A kori yara. Mai kwancewa ya dubi tarin tukuna, ya ga ko ya karkata. Ya saki bel ɗaya ɗaya a hankali, kada kowa ya tsaya a ɗaya gefen. Sa'an nan 'yan dako su fara saukewa daga sama.