Kasa Sakamakon Bincike Bisa Sa'o'in Yini

Sanin kowa ne cewa fihirisa ita ce jagorar mai neman abu cikin littafi. Haka take ga kwamfuta. Manhajar Lucene, wadda Doug Cutting ya fitar a 1999, da Elasticsearch da aka gina a kanta a 2010, suna jera kalmomi tare da nuna takardun da kowace kalma ta fito ciki. Sai dai sau da yawa ma'aikaci ba takarda ɗaya yake nema ba. Shugaban asibiti, alal misali, so yake ya san sa'ar da marasa lafiya suka fi zuwa, domin ya raba ma'aikatan jinya yadda ya kamata.

A nan wahalar take. Kwamfuta ba ta san hantsi ko la'asar ba. Elasticsearch tana ajiye lokaci a matsayin lamba guda, wadda aka soma ƙirgawa daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970, agogon GMT. Saboda haka ƙarfe tara na safen Litinin da ƙarfe tara na safen Talata lambobi ne daban, kuma idan aka kasa sakamako bisa jerin kwanaki ba za su taɓa faɗawa kashi ɗaya ba.

Maganin abin lissafi ne. Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne, sa'a kuwa 3,600. Idan aka mayar da lambar daƙiƙoƙi, aka raba ta da 86,400, ragowar ita ce abin da ya shuɗe tun tsakar dare. Ragowar 50,400, idan aka raba ta da 3,600, ta ba da 14, wato ƙarfe biyu na rana. Ta haka dukkan takardu za su kasu gida 24.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a lissafa sa'ar tun lokacin shigar da takarda a ajiye ta a gurbi na musamman, ko kuwa a bari sai an yi tambaya sannan a lissafa. Ta farko ta fi sauri, amma gyaranta sai an sake shigar da takardun. Ta biyu tana karɓar sauyi, sai dai tana jan lokaci idan takardu sun kai miliyoyi.

Babban abin lura shi ne bambancin agogo. Ghana tana kan GMT, Nijeriya da Nijar suna gaba da sa'a ɗaya, Ingila kuwa takan tura agogonta gaba daga Maris zuwa Oktoba. Wanda ya manta da wannan, cunkoson ƙarfe takwas a Kano zai bayyana masa a ƙarfe bakwai, ya tsara aikin ma'aikata bisa kuskure. Don haka wajibi ne a daidaita agogo kafin a kasa sakamako, kuma a rubuta sunan agogon a kan kowane rahoto.